Yadda Ake Haɗa Kayan Cikin Boga da Sanwicin Sosej a Gida

Yawancin bogar da ake yi a gida, naman yana da daɗi, burodin ma sabo ne, amma kayan da aka zuba a ciki su suke ɓata ta. A tula bama da kecaf, a jibga jiƙaƙƙen latas da tumatir mai ruwa, kafin a kai falo burodin ƙasa ya caɓe, wanda ya ci rabi kuma maiƙo ya ginshe shi. Matsala biyu ce ke jawo haka: ruwa ya yi yawa, tsami kuma babu. Uwargida, in kika iya tsane ruwa daga ganye, kika kuma tanadi abu guda mai tsami da zai yanke maiƙon nama, to kin gama babban aikin. Ma'aunin da zan bayar a nan na boga huɗu ne da sosej huɗu.

KAYAN AIKI

- Katakon yanka guda biyu, ɗaya na ɗanyen nama, ɗaya na ganye. In guda ɗaya gare ki, ki fara gama yanka ganye kafin nama ya taɓa shi.
- Wuƙa mai kaifi sosai. Dakusasshiyar wuƙa matse tumatir take yi, ruwan ya tsiyaye.
- Kaskon suya mai kauri, da murfin tukunyar da zai iya rufe shi.
- Cokali mai faɗi na juya ƙwai.
- Kwandon tsane ganye, da tawul ɗin kicin mai tsabta ko tishu mai kauri.
- Kwalba biyu masu murfi. Wankakkiyar kwalbar bama ta wadatar.
- Abin goga karas, ƙananan kwanuka, da tsinken tsire na soke boga.

KAYAN HAƊI

- Niƙaƙƙen naman sa, rabin kilo, da sosej huɗu
- Burodin boga huɗu, dogon burodi huɗu
- Albasa manya huɗu, tumatir mai tauri uku, kokwamba ɗaya
- Latas kai ɗaya, kabeji kwata, karas ɗaya
- Attarugu, tattasai, tafarnuwa, masoro, yajin ƙuli
- Bama, kecaf, mastad in akwai
- Farin binega, ko khal ɗin tuffa, ko lemon tsami
- Bota, man gyaɗa, gishiri, sukari
- Cukun kanti mai yanka-yanka, da ƙwai ga mai so

Kada yawan jerin ya tsorata ki, ba duka za su shiga burodi ɗaya ba. Nama da sosej sun riga sun zo da gishiri da maiƙo. Abin da suke nema daga waje shi ne tsami, da wani abu mai garas-garas a haƙori, da ɗan zaƙi ko yaji, sai sos guda ɗaya da zai riƙe su. Abu uku ko huɗu ke nan. Duk abin da kika ɗauko za ki saka, ki tambayi kanki wanne daga cikin waɗannan yake yi. In wani abu ya riga ya yi wannan aikin, ki mayar da shi firij.

MATAKI NA 1: SAYEN NAMA, SOSEJ DA BURODI

Sosej shi ne inda ya kamata ki fi buɗe ido. A Turai, musamman Jamus, da naman alade ake yin mafi yawansa. Ko an rubuta naman sa ko na kaza a gaban leda, ki juya baya ki karanta jerin kayan haɗin, ki nemi alamar halal. Wani lokaci cikin naman sa ne amma fatar da aka ɗura shi ciki hanjin alade ce. Wanda aka ɓare daga ledarsa ana sayarwa ɗai-ɗai ba tare da rubutu ba, ki bar shi.

Iri biyu za ki tarar. Akwai mai santsi wanda an riga an dafa shi a kamfani, irin wanda masu shawarma ke sakawa, shi ɗumi kawai yake so. Akwai kuma ɗanye, kamar margez na Arewacin Afirka, jan sosej mai yaji da ake yi da naman rago ko na sa. Wannan sai an gasa shi ya nuna har ciki.

Wurin mahauci kuma, kada ki ce a cire miki kitse duka. Ana so kitse ya kai kashi ɗaya cikin biyar na naman, ɗan tozo ma ya fi. Tsoka zalla tana bushewa a kasko, daga nan ne ake fara tula bama don a rufe bushewar.

Burodin Najeriya yawanci yana da zaƙi, saboda haka ki rage sukari a duk sos ɗin da za ki haɗa. In babu burodin boga, mai yanka-yanka ya yi, sai dai ki gasa shi da kyau. Gurasa kuma, irin ta Kano, ta fi burodin kanti jure ruwan nama, ta kuma saba zama da yajin ƙuli. 'Yan uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru suna da dogon burodin nan mai ɓawo irin na Faransa, wanda babu abin da ya kai shi dacewa da margez.

MATAKI NA 2: WANKE GANYE DA TSANE SHI

Latas da kabeji da kokwamba ɗanye za a ci su, wasu lambunan kuma da ruwan kwata ake ba su ruwa. Ki ɓalle latas ganye-ganye, ki ɗauraye ƙasar, ki jiƙa shi minti goma a ruwa mai tsabta da ɗan binega ko gishiri, ki sake ɗaurayewa da ruwan da za ki iya sha. Kabeji ki yar da ganyen waje biyu. Kokwamba da karas ki wanke ki fere.

Abin da ake tsallakewa shi ne tsanewa. Kwando kaɗai ba ya isa, domin ruwa yana maƙalewa a lungunan latas. Ki shimfiɗa ganyen a kan tawul, ki naɗe a hankali, ki ajiye a firij ko wuri mai sanyi har lokacin haɗawa. Ki taɓa da yatsa, in kin ji danshi, bai yi ba tukuna.

In latas ya yi tsada ko ya yi yaushi a kasuwa, kabeji ya maye gurbinsa. Lansir ma yana yi, ni har na fi son shi da naman sa, domin yana da ɗan yaji-yaji da ke hawa hanci irin na mastad.

MATAKI NA 3: ALBASA DA KOKWAMBA MASU TSAMI

Wannan ki fara yi da wuri don ya samu lokacin tsumuwa. Ki yanka albasa ɗaya zobe-zobe, siriri iya yadda wuƙarki za ta iya. Jar albasarmu, irin ta Aliero ko ta Galmi, ita ta fi dacewa, kuma in ta sha tsami launinta yakan koma ruwan hoda mai kyau. Ki cusa ta a kwalba.

A tukunya ki haɗa binega rabin kofi, ruwa rabin kofi, sukari babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Ki ɗora a wuta har sukarin ya narke, ba sai ya tafasa sosai ba. Ki zuba a kan albasar ya rufe ta, ki jefa ƙwayar masoro kaɗan ko yankan attarugu ɗaya. Bayan minti talatin ta yi. Kwana ɗaya ya fi daɗi.

Kokwamba ki yanka ta falle-falle, ki barbaɗa gishiri, ki bar ta minti goma sha biyar a kwando ta zubar da ruwanta. Ki matse a hankali, ki zuba a kwalba ta biyu, ki haɗa mata irin wancan ruwan tsamin, amma ki bari ya huce kafin ki zuba, don ruwan zafi yana kashe mata garas-garas. Gurji yana iya maye gurbinta.

In babu binega, ki matse lemon tsami huɗu a kan albasar da ɗan gishiri da sukari, ki murza da hannu, ki bar ta minti ashirin. Wannan a ranar ake cinye ta. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri ma tana yi, launin ne dai ba zai yi kyau ba. Mai binega tana kai mako biyu a firij mai sanyi. In wutarku ba ta tsayawa, ki yi daidai na kwana biyu.

MATAKI NA 4: SOYAYYAR ALBASA

A nan ake gane wadda ta iya. Ba soya albasa irin ta miya ake nufi ba, wadda ake jefawa a mai mai zafi ta yi baƙi a gefe cikin minti uku. Ana so ta narke a hankali har zaƙin da ke cikinta ya fito, ta koma ruwan zuma.

Ki yanka albasa uku tsaye, daga kai zuwa gindi, kaurinsu ɗaya. Za ki ga kamar sun yi yawa, amma za su koma ƙasa da kofi ɗaya. Ki zuba mai babban cokali biyu a kasko, ko mai ɗaya bota ɗaya, ki zuba albasar da ɗan gishiri, ki rufe minti biyar a matsakaiciyar wuta ta saki ruwa. Sai ki buɗe, ki rage wuta can ƙasa, ki riƙa juyawa duk bayan minti uku ko huɗu. Za ta ɗauki minti talatin zuwa arba'in. In kin ga gindin kaskon ya fara kamawa, ki zuba ruwa cokali ɗaya ki kankare, wannan kamun shi ne ɗanɗanon. Da ta yi launin zuma mai duhu, ki ɗiga binega ƙaramin cokali ɗaya ki sauke.

Kuskure uku ake yi. Na farko ƙara wuta don a yi sauri, sai ta ƙone ta yi ɗaci, kuma ɗacin albasa ba ya gyaruwa. Na biyu zuba sukari tun farko, wanda ke kamawa kafin albasar ta nuna. Na uku jefa kanwa. Gaskiya ne kanwa tana sa ta yi duhu da wuri, amma tana dame ta ta koma kamar kunu, ga ɗanɗanon sabulu in ta ɗan yi yawa. In a kan gawayi kike, ki jira sai garwashin ya lafa, ki janye kaskon gefe.

Ranar da babu minti arba'in, akwai dabarar da ta fito daga jihar Oklahoma ta Amurka, inda masu sayar da boga a shekarun 1920 da 1930 suka riƙa ƙara wa nama auki da albasa saboda ta fi araha. Ki yanka albasa siriri kamar takarda, ki ɗora curin nama a kasko mai zafi, ki tula albasar a kansa, ki danne da cokali mai faɗi har ya baje. In kin juya, albasar tana ƙasa tana soyuwa a kitsen naman. Dannewar a farkon sakawa kawai ake yi, naman yana ɗanye.

MATAKI NA 5: HAƊA SOS

Ki zaɓi ɗaya, ko biyu in baƙinki suna da yawa. Kada ki zuba bama daban, kecaf daban, mastad daban a kan burodi, ki haɗa su a kwano ki ɗanɗana tukuna.

Na yau da kullum: bama babban cokali huɗu, kecaf biyu, mastad ƙaramin cokali ɗaya, kokwamba mai tsami da aka daddatsa ƙanana cokali ɗaya, ruwan tsaminta ƙaramin cokali ɗaya, da masoro. Yara sun fi son wannan.

Mai yajin ƙuli: bama babban cokali huɗu, yajin tsire cokali ɗaya, ruwan rabin lemon tsami. Kada ki ƙara gishiri ko magi, yajin ya zo da nasa. Ki bar shi minti goma ƙulin ya jiƙa, in ya yi kauri ki sassauta da ɗan ruwa. A ganina wannan ya fi kowane sos na kwalba dacewa da naman sa. Sai dai ki tuna gyaɗa ce, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta, ki faɗa kafin ki miƙa.

Na attarugu: ki jajjaga attarugu biyu, tattasai biyu, rabin albasa da tafarnuwa, ki soya a mai har ruwan ya ƙone man ya taso. In da sauran ruwa, burodi ne zai sha shi. Mutanen Ghana da ke da shito, baƙin sos ɗinsu na barkono, a gida ba sa buƙatar wannan wahalar, ƙaramin cokali ɗaya a cikin bama ya gama komai.

Na yogot: yogot marar sukari ko kindirmo mai tsabta rabin kofi, ki ɗaure a farin ƙyalle ya tsane na awa ɗaya, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya, na'a-na'a da gishiri. Shi ne abokin margez da duk wani sosej mai yaji.

In kecaf ya ƙare: tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ruwa uku, sukari ɗaya, binega ɗaya, ɗan gishiri da ɗan garin kanunfari, ki dafa minti biyar. In da hannu kike haɗa bama, ki sani ɗanyen ƙwai ne a ciki, a yi a cinye nan take, kuma ban da masu ciki da ƙananan yara.

MATAKI NA 6: KABEJI DA TUMATIR

Kabeji ki yanka shi siriri kamar zare, ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki bar shi minti ashirin, ki matse da hannu. Za ki sha mamakin ruwan da zai fita. Ki haɗa da gogaggen karas da lemon tsami kaɗan. In za ki saka sos a burodi, kada ki sake cuɗa kabejin da bama. Jamusawa tsuma kabeji suke yi da gishiri na makonni har ya yi tsami, shi ne kuma masu kurar sosej a titunan New York ke ɗorawa tare da mastad. Hanyar sauri ita ce ki soya kabejin sama-sama na minti biyar, ki zuba binega cokali biyu ki sauke.

Tumatir ki nemi dogo mai tauri, wanda 'yan gwari ke kira UTC. Ki yanka shi kwance, kaurin rabin santimita, ki ƙwaƙule 'ya'yan da ruwan, ki jera a kan tishu, ki barbaɗa gishiri, ki bar shi minti goma. Da damina, lokacin da tumatir ke tsada kuma duk ruwa ne, ki haƙura da shi. Ki gasa jan tattasai a kan wuta har fatar ta yi baƙi, ki rufe shi a kwano minti goma, ki sule fatar, ki cire 'ya'yan. Ya fi tumatirin damina zaƙi, kuma ba ya tsiyaya.

MATAKI NA 7: GASA BURODI

Ki raba burodin, ki shafa bota a cikin, ki kifa a kasko minti ɗaya ko biyu har ya yi ja. Wannan ɓawon shi ke tare ruwan nama. Kada ki tsallake, ko da burodin yau aka gasa shi.

MATAKI NA 8: NAMA, SOSEJ, CUKU DA ƘWAI

Sai komai ya kammala a gefe sannan nama zai hau wuta. Ki raba rabin kilo gida huɗu, giram 125 kowanne, ki faɗaɗa ya ɗan fi burodin faɗi domin zai tsuke, ki loɓa tsakiyar da babban yatsa don kada ya kumbura. Gishiri da masoro a waje kawai, dab da sakawa a kasko. In kin cuɗa gishiri a ciki tun da wuri, naman yakan yi tauri. Kasko ya yi zafi sosai, minti uku zuwa huɗu kowane gefe, juyi ɗaya, kuma bayan ya fara nuna kada ki danne shi.

Niƙaƙƙen nama ba kamar balangu ba ne. Niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke bayan nama har cikinsa, don haka dole ya nuna gaba ɗaya. Mai ma'aunin zafi ta duba ya kai digiri 71, na kaza 74. Marar shi ta tsaga ɗaya ta gani, kada a ga ja.

Cuku a minti na ƙarshe ake ɗora shi, a ɗiga ruwa a gefen kasko a rufe, tururi ya narkar da shi. Cukun Abzin busasshe ne, ba ya narkewa, sai dai a goga shi a barbaɗa. Wara ta Fulani, wadda a Ghana da Benin ake ce wa wagashi, ita ma ba ta narkewa, ki yanka ta falle ki soya ta yi ja ki ɗora. Ƙwai kuma ki soya shi daidai faɗin burodin, ki bari gwaiduwar ta daskare in yara ko mai ciki za su ci.

Sosej dafaffe ki tsattsaga bayansa sama-sama, ki juya shi a kasko da ɗan mai minti huɗu ko biyar. Ɗanye kada ki huda shi, romonsa zai zube. Ki ba shi minti goma zuwa sha biyu a matsakaiciyar wuta kina juyawa. Wuta mai ƙarfi tana fasa fatar ta bar cikin ɗanye.

Ki bar naman ya huta minti biyu a faranti kafin ya hau burodi.

MATAKI NA 9: JERA BOGA

Daga ƙasa zuwa sama: burodi, sos shafe ɗaya siriri, latas, nama da cukunsa, soyayyar albasa, tumatir falle ɗaya ko biyu, kokwamba ko albasa mai tsami da aka tsane, sai murfin burodi da aka shafa wa sos.

Latas yana ƙasa ne don ya tare romo. Ki ninka ganyen ko ki yayyanka shi, kada ya yi ta lilo a waje. Abu biyu masu santsi kada su haɗu kai tsaye, misali tumatir a kan piya, da cizo ɗaya za su sulɓe ta baya. Ki raba su da albasa ko sos. Sos gaba ɗaya kada ya wuce babban cokali ɗaya a boga ɗaya. Tsayi kuma, ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in ta wuce yatsu huɗu, bakin mutum ba zai ɗauka ba, ki cire wani abu. Ki ɗan danna da tafin hannu, ki soke da tsinke.

MATAKI NA 10: JERA SOSEJ

Dogon burodi ki tsaga shi ta gefe ɗaya ki bar bayan a haɗe. Duk abin da zai shiga ki daddatsa shi ƙanana, domin zoben albasa guda yana janyo komai waje in an ciza. Kabeji ko soyayyar albasa su fara kwanciya a ƙasa, sosej a kansu, mai tsami a gefe, sos layi ɗaya a sama.

Sosej ya fi boga gishiri, don haka ya fi son tsami, ya kuma fi ƙin cuku da bama mai yawa. Mutanen Chicago suna ɗora mastad, ɗanyar albasa, tumatir, kokwamba mai tsami da barkono a kan sosej ɗin naman sa, kecaf kuwa ba sa yarda ya kusance shi. A Balin ta Jamus akasin haka ne: tun 1949 da wata mata, Herta Heuwer, ta fara sayar da sosej da sos ɗin tumatir mai kori, ya zama abincin titin birnin. Ki gwada: kecaf babban cokali huɗu, kori ƙaramin cokali ɗaya, ɗan ruwa, ki ɗumama minti biyu. Yana gyara sosej ɗin kaza, wanda shi kaɗai ba shi da wani ɗanɗano.

HAƊIN DA SUKA DACE, DA WAƊANDA BA SU DACE BA

Boga ta naman sa a gurasa, da bama mai yajin ƙuli, albasa mai tsami, kabeji da tumatir. Wannan ita nake yi wa manya.

Boga da cuku, soyayyar albasa, kokwamba mai tsami da mastad, ba latas ba tumatir. Ita ta fi jure jira.

Bogar kaza da piya da aka dame da lemon tsami da gishiri, sai sos ɗin attarugu kaɗan. Piya maiƙo ce, in ta shiga bama ta fita.

Margez da yogot, gasasshen tattasai da ɗanyar albasa. Wasu suna cusa soyayyen dankalin Turawa a cikin burodin, yana yi in za a ci nan take.

Abarba tana shiga idan an gasa ta ruwan ya ragu, mutanen Ostireliya ma har da ƙwai suke haɗa ta. Soyayyar filanten mai nuna tana yi da attarugu, amma in ta shiga, ban da soyayyar albasa da kecaf, zaƙin zai yi yawa. Kilishi da aka ɗan ɗumama aka farfasa ƙanana yana ba da gishiri da garas-garas, cokali ɗaya ya isa, sai ki rage gishirin nama.

Waɗanda nake hanawa su ne kayan salak ɗin biki: waken gwangwani, masarar gwangwani, dafaffen ƙwai, da kirim ɗin salak a kan bama. Duk nauyi ne da ruwa, zubowa suke yi a jikin mai ci.

AJIYA DA ƊAUKA ZUWA WANI WURI

Dafaffen nama da sos mai bama ko yogot kada su wuce awa biyu a waje. In zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake a yawancin ranakun bazara a ƙasar Hausa, awa ɗaya ce. Da azumi, ki gama masu tsami da soyayyar albasa da sos tun da rana ki saka a firij, nama kuma ya hau wuta saura minti goma sha biyar a sha ruwa.

Na 'yan makaranta, ki bar tumatir da latas a gida, ki yi amfani da matsattsen kabeji da soyayyar albasa, kecaf a madadin bama, kuma nama ya huce kafin ki rufe kwano. Mai sayarwa ta naɗe a takarda, domin leda tana tara gumi burodi ya jiƙe. In za a kai wa mai saye nesa, a zuba sos da kayan tsami a ƙananan robobi daban, ya haɗa da kansa in sun isa.